Ranar da Maliki Ya Sauke Surukinsa

Duk wanda ya san Maliki Kurawa a Sabon Birni ya san mutum ne da murna ke riga shi isa wuri. Idan aka ce masa wataƙila, shi tabbas ya ji. Idan aka ce jibi, tun yau ya wanke riga ya shanya. Gajere ne kakkaura, shekararsa arba'in da huɗu, kuma siminti ya cinye masa tafin hannu har wayarsa ba ta jin yatsansa sai ya danna sau uku.

A Kurawa aka haife shi, gidan manoman gero. Ubansa Anas maginin ƙasa ne, irin waɗanda ke ɗora rumbu da katanga da rani idan an gama aikin gona. Maliki ya fara da kwaɓa ƙasa, ya tafi Sakkwato ɗaukar bulo, daga nan hannunsa ya kama cokalin gini. Ya yi shekara uku a Maraɗi yana birkila, ya dawo da kalmar Faransanci guda ɗaya da har yau bai sake ta ba: wurin aiki a bakinsa shantiye ne, ko da bayan gida ake ginawa.

Shekara ashirin ya yi yana gina wa mutane ajujuwa da shaguna da ɗakunan shan magani. Kuma duk aikin da ya gama, allon da aka kafa a bakinsa sunan wani yake ɗauke da shi, wani mai farar shadda da ya leƙo sau biyu cikin mota bai ko bari ƙura ta taɓa takalminsa ba. Wannan abu ya daɗe yana ci wa Maliki rai, kuma ba ya ɓoyewa. Rannan ya sayar da bijimai biyu da ya yi shekara yana turkawa, ya yi wa kamfani rajista da sunan Maliki Kurawa da 'Ya'ya, alhali babban cikin 'ya'yan yana aji biyar na firamare. Ya ɗauki mutum bakwai a kan albashin wata, da Muntaka babban birkilansa a gaba, da Alhassan mai tuƙa tsohuwar a-kori-kurar da ke kai musu yashi.

Tun a makon farko, kafin kamfanin ya ɗora ko bulo ɗaya, ya je wurin mai fenti aka yi masa farin allo. Layin farko, inda ake rubuta sunan aiki, aka bar shi fili. Layi na biyu kuwa aka rubuta da manyan baƙaƙe: Ɗan Kwangila, Maliki Kurawa da 'Ya'ya. Ya kawo allon gida ya jingine bayan rumbu, ya rufe da zana. Matarsa Kande ta sha kama shi da hantsi ya ɗaga zanar yana kallo yana murmushi shi kaɗai.

To, kamfani ba ya tafiya ba akanta, kuma a nan ne Malam Fatihu ya shigo. Malam Fatihu shi ne uban Kande. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana akawu a baitulmalin ƙaramar hukuma, ya yi ritaya ba a taɓa neman kwabo a hannunsa an rasa ba. Shi ya ba Maliki 'yarsa a lokacin da Maliki bai mallaki komai ba sai cokalin gini da keke mara birki. Da ya ji labarin kamfani, sai ya aiko Kande ta ce wa mijinta shi zai riƙe littafi, kuma ba ya son a biya shi. Maliki ya kusa yin kuka don daɗi.

Sai dai surukutar da ke tsakaninsu irin ta da ce, wadda ba a rage mata komai ba. Shekara goma sha tara Maliki bai taɓa furta sunan tsohon ba. Ko wani Fatihu dabam ya haɗu da shi, mai sunan Baba yake ce masa. Bai taɓa shan ko ruwa a gabansa ba. Akwai ranar da ya sha kwana a kan babur ya hango Malam tafe, ya diro ya tsuguna, babur ya ci gaba shi kaɗai ya shige dangar mutane. Shi ma tsohon bai taɓa kiran sunan Maliki ba, sai dai ya ce yaron ga. Duk maganar da ta wuce gaisuwa, ta bakin Kande take bi. Ƙarshen wata Muntaka ya kai wa Malam lissafin albashi, ma'aikata su je zaurensa ɗaya bayan ɗaya su karɓa su dangwala yatsa. Bayan girbi kuma Malam ya sa babbar rigarsa, ya je ofishin ƙaramar hukuma ya biya haraji yadda ya san ana yi tun yana saurayi, sau ɗaya a shekara, ya aiko wa Maliki da rasiɗi a cikin ambulan.

Haka kamfanin ya yi wata goma sha huɗu yana ƙananan ayyuka, katangar wannan, shagon wancan, ayyukan da ba a kafa musu allo. Sai ga sanarwa: wata hukuma za ta ba da kwangilar ajujuwa uku a wata makaranta da ke Unguwar Lalle, kuma ana son 'yan kwangilar yankin su nema. Ranar da Maliki ya ji, bai iya cin tuwo ba. Ya je ya auna filin da ƙafarsa sau biyu, ya lissafa bulo da kwano da ƙusa, ya sayi sabon fayil kore, ya yi sammakon Sakkwato yana gaya wa duk wanda ke cikin motar cewa aikin nasa ne.

Ma'aikacin da ke karɓar takardu mutumin kirki ne. Ya bi fayil ɗin shafi-shafi yana gyaɗa kai, Maliki na tsaye yana sauya ƙafa.

"Takardun ga sun yi," in ji ma'aikacin. "Saura guda. Ina shaidar harajin albashi?"

"Haraji? Ai mun biya tun bayan girbi!" Maliki ya zaro ambulan ɗin Malam da alfahari.

Mutumin ya duba rasiɗin ya mayar masa a hankali. "Wanga na ƙaramar hukuma na, kuɗɗin wurin sana'a. Shi dabam na. Kai da kanka ka rubuta kana da mutum bakwai masu albashin wata. To kowane wata, wanda albashinai ya kai a cire mai haraji, kai za ka cire ka kai ma hukumar haraji ta jiha kahin goma ga watan da ke biye. Wata nawa kamfanin ga?"

"Goma sha huɗu," in ji Maliki, murya ta yi ƙasa.

"To wata goma sha huɗu na a kanka. Nemi akanta da ya san tsarin yanzu, shi lissahe, ka biya, ka kawo man shaida. Nan da kwana goma sha biyu za mu ruhe."

Maliki ya fito rana na dukansa bai ji ba. Amma ba a yi shi don dogon baƙin ciki ba. Kafin ya kai tasha ya tuna da Naja'atu, ya buga cinya har mai lemun da ke gefensa ta razana. Naja'atu 'yar babban wan Kande ce, jikar Malam Fatihu ta farko. Ta karanta akanta, ta yi aure a Isa, tana da shago kusa da kasuwa tsakanin mai injin niƙa da mai sayar da taki, inda take riƙe wa manyan 'yan hatsi lissafi da kwamfuta. Maliki bai taɓa tunaninta ba, don a idonsa har yanzu yarinyar nan ce da ta zubar masa da fura a ranar ɗaurin aurensa. Ya shiga motar Isa yana ta azalzalar direba, shi kuwa direba dama ba ya son la'asar ta same shi a hanya, don ba ta da tsaro da yamma.

Naja'atu ta saurare shi har ya gama, ɗanta na goye yana barci duk da ƙarar injin niƙa.

"Baba Maliki, abin ga ba shi da wuya," ta ce. "Kwana ukku sun ishe ni. Amma sai da littahin albashi: sunan kowa, abin da anka biya shi, wata bi wata. Kuma ba ni aiki bayan idon wani akanta. In ni za ni riƙe kamfanin, a miƙo man littahi a sani, wanda ke riƙe da shi shi san an karɓa."

"Littahin na wurin Baba," in ji Maliki.

"To a amso."

Ta faɗe shi kamar wadda ta ce a miƙo mata ludayi. Maliki ya hau motar Sabon Birni, tun daga Isa har gida yana juya kalmar nan a ransa. A amso. Wato shi, Maliki, ya je ya gaya wa mutumin da ya ba shi mata, mutumin da ya riƙe baitulmali shekara talatin da ɗaya, cewa ya yi kuskure, ya kawo littafi. In bai yi ba, allonsa ya ci gaba da kwana bayan rumbu har gara ta cinye shi.

Washegari ya bi hanyar da ya saba. "Kande, ki tahi wurin Baba. Ki gaya mai, cikin hikima hwa, zamani ya canza, za a kai littahi Isa wurin Naja'atu." Kande ta ɗauki mayafi ta tafi da hantsi, ba ta dawo ba sai bayan azahar, ɗauke da ƙwan zabi goma sha biyu a ƙwarya.

"Kin hwaɗa mai?"

"Na ce kana gaishe shi."

"Sai mi?"

"Ya ce shina amsawa."

Ya sake aiken ta washegari, ta dawo da garin kuka da daddawa. Maliki ya ga ba haza, ya ce da kansa zai je. Ya ɗauki Muntaka a bayan babur yana maimaita masa jawabin da ya shirya, jawabi mai kyau wallahi, har da inda zai yi shiru da inda zai ja numfashi. Ya cire takalmi tun daga bakin hanya, ya shiga zaure ya tsuguna a kusurwa, ido a ƙasa. Aka gaisa. Aka tambayi gajiya, aka tambayi iyali, aka tambayi Kurawa da mutanenta, aka koma kan gajiya. Malam Fatihu na zaune a kan buzu, fuskarsa na kallon ƙofa.

"Akwai magana?" in ji tsohon.

"Babu, Baba. Godiya ta na zo yi. Aikin littahi na kyau ƙwarai."

Malam ya buɗe baki kamar mai son cewa wani abu, ya daɗe a haka, sannan ya yi gyaran murya ya ce, "Allah shi yi albarka."

Maliki ya fito rigarsa sharkaf da gumi. Muntaka da ke jira a inuwar darbejiya ya miƙe. "Ƙaƙa? Ka amso?"

"Hau mu tahi," in ji Maliki. "Yabo nai mai."

Muntaka ya yi dariya har ya kusa faɗowa daga babur, Maliki kuwa bai ga abin dariya ba. Kwana ɗaya ya sake wucewa yana zirga-zirga tsakanin rumbu da ƙofar gida. Da safiyar da ta biyo baya wayarsa ta yi ƙara, ya danna sau uku kafin ta ɗauka.

"Baba Maliki, kwana bakwai sunka rage," in ji Naja'atu. "Ni ina son ukku, ohishin haraji na son nasu. Ina littahi?"

Ya kwashe komai ya gaya mata, har da ƙwan zabi. Sai ya ji ta fashe da dariya, irin wadda sai da ta aje wayar ta dawo.

"Haba Baba Maliki! Tun hwarko wa ya ce kai za ka amso? Kai surukinai na. Ni ko matatai ta. Gobe ina tahe."

Nan ne basirar Maliki ba ta kai ba, ga shi abin a gabansa yake tun fil azal. A wurinmu, maganar da suruki ba zai iya furtawa ba ko za a yanka shi, jika tana faɗarta tana tauna gyaɗa. Tun Naja'atu na rarrafe Malam Fatihu ke kiranta amaryarsa, yana cewa ba ta iya tuwo ba zai sake ta; ita kuma tun ta iya magana take ce masa tsoho mai rowa, tana cire masa hula a gaban baƙi. Ba wanda zai ce ta yi rashin kunya, don hakkinta ne. Maliki ya tsaya tsakar gida da waya a hannu, ya yi wani ihu da ya watsa kaji.

Da hantsi ta sauka daga motar Isa, jakar kwamfuta a kafaɗa. Suka tafi su uku. Kande ta wuce cikin gida wurin mata, Maliki ya tsuguna a waje gefen ƙofar zaure inda ake aje takalma, Naja'atu kuwa ta faɗa zauren ko sallamar kirki ba ta ƙarasa ba.

"Ina tsohon mijin ga nau da ba shi ba da kuɗɗin cehane?"

"Kai, ga mummunar matar ga ta dawo," in ji Malam, muryarsa cike da daɗi. "Wa ya kira ki? Na ce na sake ki tun bara."

"Ni na zo sakinka yau. Tsoho, na sauke ka. Kawo littahin kamfani."

Maliki ya runtse ido ya dafe kai. A ciki Malam ya yi dariya ya ce a wace ƙasa aka taɓa sauke miji. Naja'atu ba ta sassauta ba. Cikin wasan nan ta zayyana masa komai: harajin da ya biya bayan girbi na wurin sana'a ne, na albashi dabam yake, wata-wata ake kai shi, an yi wata goma sha huɗu ba a kai ba, akwai tara a kai, kuma idan ba a gyara cikin kwana shida ba ajujuwan Unguwar Lalle sun tafi hannun wani.

Maliki na jin kukan akuya daga maƙwabta, yana jin kamar ya tashi ya ruga Kurawa da ƙafa.

"Yaron ga na waje?" in ji Malam daga ƙarshe.

"Shina nan tsugune, ya kusa narkewa."

"To bari in gaya miki, ke, tunda ke ta matata." Tsohon ya ɗaga murya yadda na waje zai ji. "Tun damanar bara yanar ido ta ruhe man gani. Jan layin littahi ba ni ganinai. Sai rana ta take nike hitowa tsakar gida in rubuta, ina lalube. Na so in aje aikin ga tun tuni. Amma ƙaƙa za ni kalli mijin ɗiyata in ce na kasa? Sau biyu ina aiken Kande ta gaya mai shi nemi wani. Ban ji amsa ba, na ce to yaron ga ba shi son in bari, sai in daure."

Maliki ya buɗe ido. Sau biyu? Ya waiga, sai ga Kande a bakin ƙofar cikin gida, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Naja'atu ta leƙo daga zaure.

"Goggo Kande! Mi kika gaya ma Baba Maliki da tsoho ya aike ki?"

"Na ce Baba na gaishe shi," in ji Kande, ƙasa-ƙasa.

"Shi kuma da ya aike ki?"

"To ya zan yi?" Hawaye suka zubo mata tana dariya. "Wancan ubana, wanga mijina. In ce ma ubana an sauke shi? Ko in ce ma mijina ubana ya makance? Gaisuwar dai na iya ɗauka."

Naja'atu ta zauna daɓas a ƙasa tana dariya, Malam na tari yana dariya, har matan cikin gida suka fito jin abin da ya faru. Maliki dai bai san ko dariya zai yi ko kuka ba, sai ya haɗa duka biyun a tsugune.

Malam ya sa aka jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado. Littafin babba ne mai baƙin bango, an naɗe shi da tsumma mai tsabta. Naja'atu ta buɗe, wasan ya ɗauke daga fuskarta. Kowane wata da shafinsa, kowane ma'aikaci da layinsa, da ranar da ya karɓa, da dangwalen yatsansa a gefe. Shafukan farko rubutu ne siriri mai kyau. Na baya-bayan nan baƙaƙen sun yi manya, suna hawa suna sauka, wasu sun tsallake layi, amma ko lamba ɗaya ba ta ɓace ba. Ta bi jimillar wata uku da kalkuleta, ta samu daidai.

"Tsoho," ta ce a hankali, "wallahi ko cikin manyan 'yan kasuwan da nike ma aiki ba mai littahi irin wanga. Da wanga kwana biyu ma sun ishe ni."

"Kin ga? Ke dai tuwo na ba ki iya ba." Ya juya fuska wajen ƙofa. "Tarar ga kuskurena ta. A sai da ragona a biya."

"A'a wallahi, Baba!"

Maliki ne. Maganar ta fito daga bakinsa da ƙarfi kafin ya kama ta, har tsuntsayen da ke kan katanga suka tashi. Shekara goma sha tara bai taɓa ce wa surukinsa a'a ba, yau ya yi ta da ihu a gaban mata. Ya toshe baki da hannu biyu.

"Ashe shina da murya," in ji Malam, aka sake kwashewa da dariya. Rago dai ya tsira.

Daga nan abin ya koma gudu. Naja'atu ta baje kwamfuta a ɗakin Kande, ta ce kada a kira ta ko da abinci. Da ta gama, sai ga shi abin bai kai yadda Maliki ya tsorata ba: cikin mutum bakwai, huɗu albashinsu bai kai a taɓa shi ba, sai Muntaka da Alhassan da kafinta, sai shi kansa Maliki a matsayin mai kamfani. Na watannin da suka wuce ya ce shi zai biya daga aljihunsa, tunda ba laifinsu ba ne, ya buɗe rumbu ya fitar da gero aka kai kasuwa. Amma na gaba dole a riƙa cirewa, kuma wannan ya yi masa nauyi, don bai taɓa rage wa ma'aikaci ko sisi ba tun da ya fara ɗaukar mutane. Ya tara su a shantiye ya gaya musu ido da ido.

"Wato gwamnati ta shigo aikinmu, ba ta ɗau bulo ko guda ba?" in ji Muntaka.

"Ajujuwan da za mu gina, da kuɗɗin wa kake zaton za a biya mu?" in ji Naja'atu, ta miƙa masa 'yar takarda mai nuna albashinsa da abin da za a cire da abin da zai rage. Muntaka ya juya takardar gaba da baya, ya ga sunansa an buga da inji, ya linke ta da kyau ya sa a hula yana ci gaba da gunaguni.

Saura kwana uku suka shiga Sakkwato, aka biya, aka kai takardu ofishin haraji. Saura kwana ɗaya shaidar ta fito. Maliki ya karɓe ta da hannu biyu, ya ƙi shiga Keke Napep wai ba shi da sauri, ya ruga da ƙafa babbar riga na tashi, Naja'atu na biye tana kiran ya tsaya. Ma'aikacin nan ya duba takardar, ya sa ta cikin koren fayil, ya ce, "Yanzu kam ka cika." Maliki ya kama hannunsa yana girgizawa har sai da mutumin ya roƙe shi ya saki.

Mako biyar aka yi ana jira, kuma a cikinsu ba wanda ya huta a gidan. Rannan yana kan katangar wani shago wayarsa ta yi ƙara. Ya danna, ya danna, ya danna, ya saurara, sai ya saki cokalin gini ya diro bai bi ta tsani ba. Mutanen kasuwa sun ga wani gajeren mutum fari fat da siminti yana gudu yana ihun "An ba mu! An ba mu!", wasu har sun fara tattara kaya a zaton tashin hankali ne, kafin su gane Maliki ne. Bai tsaya ba sai bayan rumbu, ya yaye zanar ya rungumi allon.

Ranar da aka kafa shi a Unguwar Lalle, mai fenti ya cike layin farko, fentin ko bushewa bai gama ba. An riga an sa wa Malam Fatihu ranar aikin ido a Sakkwato bayan girbi, amma ya aiko, wannan karon ta bakin Naja'atu, cewa ba zai jira sai an yi aikin kafin ya zo wurin allon ba. Alhassan ya ɗauko shi a gaban a-kori-kura, da babbar rigar nan da yake zuwa biyan haraji da ita. Aka kama hannunsa har gaban allon. Maliki ya cire takalmi ya tsuguna can nesa kusa da tarin yashi.

Tsohon ya ɗaga kai ya daɗe yana kallo. Farin yake gani, ba ya ganin baƙin. Ya miƙa hannu ya shafa katakon.

"Tsaya in karanta maka, tsoho, kar ka ɓata muna henti," in ji Naja'atu.

"Yi shiru. Ke kin amshe littahi, wanga ba naki na ba." Ya juya inda yake jin numfashin mutane. "Maliki."

Ba wanda ya motsa. Maliki ya duba hagu da dama ko akwai wani mai sunan.

"Maliki, taso. Zo nan kusa da ni ka karanta man."

Ya taso ƙafa ba takalmi, ya zo ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da surukinsa, abin da bai taɓa yi ba. Karatun bokonsa ba mai nisa ba ne, amma wannan allon ko a barci ya iya shi. Ya karanta sunan aikin, ajujuwa uku, Unguwar Lalle. Da ya zo layi na biyu muryarsa ta karye, ya dai lallaɓa ya kai ƙarshe.

Malam Fatihu ya lalubo hannunsa mai kaushin nan ya riƙe gam.

"Ban ji wurin sunan ba," ya ce. "Sake."